Yadda Anka Koya wa Tur Ɗina Tafiya Sannu

Tun ran da tur ɗin nan, injin sassaƙa icce, ya shigo gidanmu ban taɓa kunna shi da kwanciyar hankali ba. Kafin in taɓa makunni sai na duba inda ɗiyata Nana take, in duba ko akuya ta kwance, in duba bakin zanina, in sake duba Nana. A lokacin babu abin da ya faru, ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Amma kullum ina ganin icce ya kuɓuce yana tafiya cikin iska, kuma kullum wajen yarinyar yake nufa. Mijina Isuhu, da ke aikin kabu-kabu, har dariya yake mini, wai ni ko ludayi na ɗauka sai na hango yadda zai ji wa mutum ciwo.

Abin da ya sa nake wanga rubutu, kwanan baya wasu 'yan mata uku masu koyon sana'a sunka zo kallon aikina. Na fitar da muciya gabansu kafin ruwan shayi ya tafasa. Sai guda ta ce wa 'yar'uwarta, a gaban idona, "Ashe dai inji ne ke yi, ita riƙewa kawai take." Ban ji haushi ba. Aji uku na yi a lakol, rubutuna ga shi nan yadda yake, amma zan faɗa muku abin da ke bayan riƙewar.

Tur gado ne na ƙarfe, tsawonsa bai kai tabarya ba. Kana matse icce tsakanin tsini biyu, moter ya ja bel, bel ya juya iccen, kai kuma ka jingina kurfi bisa wani ƙarfe ka dinga shafar iccen yana zubar da ɓawo har ya yi siffar da kake so. Kayan aikina ba su da yawa: kurfi huɗu, gizago, zarto, dutsen washi, da igiyar awo mai ƙulli-ƙulli. Gizagon na babana ne. Masassaƙi ne a Barmu, turmi da akushi da ƙota yake yi. Ba a ba ɗiya mace gizago, amma ni ke jera mishi icce, shi ya sa tun ina ƙarama in na ƙwanƙwasa gungume na san ko ya bushe har ciki ko bayansa kaɗai ya bushe.

Da anka kawo ni Tawa gidan miji, katanga guda ce tsakaninmu da wani malamin lakol, Mushe Daniyel, mutumin Dogon Dutsi. Tur ɗin nashi ne. Ba sana'arsa ba ce, abin hutunsa ne na ran Asabar, bai taɓa sai da ko tsinke ba. Yana yi wa cocinsu mazaunin kyandir, yana yi wa matarsa Madam Saratu ƙafafun kujera har kujerun sunka fi mazauna yawa. Wata Asabar na shiga aron rariya, na iske ya ɗaura wani reshen dogon yaro. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Mushe, wanga zai tsage."

Ya ɗaga tabarau ya dube ni. "Amarya, ke da icce kun yi magana ne?"

Na ce ɗanye ne, ko wata guda bai yi da sara ba. Ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Kwana biyar bayan nan Madam Saratu ta leƙo ta katanga riƙe da abin, ya tsage tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Zo ki ga aikin mai karatu."

Daga nan koyo ya fara. Wata uku Mushe bai bar ni na sa kurfi a icce ba, washi kawai da shara. In na wasa kurfi sai ya gwada shi a gashin hannunsa, in bai aske ba ya miƙo mini in sake. Shi ya hana ni zuwa kusa da inji da hijabi ko mayafi, ya ce in ɗaure kallabi tamau, in cusa bakin zani, don abin da ke juyawa ba ya tambaya kafin ya kama. Muciyata ta farko ta fito kamar ƙafar raƙumi, gwiwa a tsakiya. Madam ta karɓe ta, ta ce da ita za ta dinga korar kaji. Shekara biyu ina zuwa duk Asabar. Da Mushe ya aje aiki za su koma ƙasarsu, ya ce babu wurin tur a mota, ya sa anka tsallako da shi ta katanga.

Aikin da ya fara sa sunana ya fita ƙafafun gado ne na wata mata daga Takanamat. Ta zo da tsohuwar ƙafa guda da gara ta ci, ta gadon uwarta, tana son huɗu irinta, da zobba bakwai-bakwai a jiki. Hausarta kaɗan ce, ni kuma ba ni jin Tamashek, da yatsu munka daidaita. Yin ƙafa guda ba wuya. Wuyar ita ce ta biyu ta yi kama da ta farko, ta huɗu kuma kar ta manta da su. Sai da na ɓata icce uku. Da ta dawo ba ta dube su da ido ba, rufe ido ta yi tana bin zobban da yatsa, ƙafa bayan ƙafa. Ta buɗe ido ta ɗaga mini kai. Bayan wata guda ta turo mini mata biyu.

Amma injin yana da aibi guda: gudu ɗaya ya sani. Moter ɗinsa na tsohon injin wanki ne da Mushe ya samo, kana taɓa makunni ya zabura da ƙarfinsa duka. Ga siririn icce, muciya ko maburgi, hakan daidai ne. In ka ɗaura mai kauri wanda gefe guda ya fi nauyi, sai gadon ya kama rawa yana tafiya tsakar gida. Buhun yashi biyu na ɗora mishi a ƙafa, duk da haka yana matsawa. Mata na ta tambayata ƙaramin turmin yaji da akushi, ina cewa ba ni yi.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda kuran, wato wutar lantarki, ya yi ta wasa da mu da bazara. Ya zo da hantsi, kafin ka gama washi ya tafi. Aiki ya taru, masu aiki sunka fara komawa wajen masu gizago. Cikin wanga hali wata maƙwabciya ta matsa mini sai na yi mata turmin yaji, ni kuma na kasa cewa a'a. Na samo guntun aduwa mai kaurin cinya, na rage mishi kusurwa da gizago, na ɗaura. Ina kunnawa kuran ya ɗauke.

To kun san halinmu. In kuran ya tafi ba mu kashe komai. Fanka a kunne, rediyo a kunne, ƙwai a kunne, don su ke faɗa mana ya dawo. Ni ma haka na saba da tur, ƙararsa ce ke kirana daga madafa. Ran nan na sassauta tsinin baya don in gyara zaman iccen, sai na ji tukunya na zuba a wuta, na ruga. Na manta ban mayar na matse ba.

Kuran ya dawo da la'asar. Ina cikin madafa na ji injin ya zabura, na ji ƙara kamar an harba bindiga. Iccen ya bi ta saman tabarmar da Nana ke zaune tana cin ƙosai, tana 'yar shekara biyu, ya tafi ya fasa randar Inna. Na fito a guje. Yarinyar kuwa tana zaune cikin ruwa tana tafa hannu, ta ga tafki ya zo mata har gida.

Inna uwar mijina ce, gidan nata ne, mu a ɗakunan gabas muke. Mace ce mai kaɗi, kullum tana ƙarƙashin dogon yaro da mazarinta da auduga, ba ta da yawan magana. Ta tashi ta ɗauki Nana, ta duba ta tun daga kai har yatsun ƙafa, ta goya ta. Sannan ta zare wayar injin da hannunta.

"Uwar Nana, ba faɗa za ni yi miki ba," in ji ta. "Randa ƙasa ce. Amma abin da ke tashi shi kaɗai, yana juyawa babu hannun kowa bisansa, ba ya kwana gida guda da jikata. Zan aika a kira mai sayen tsohon ƙarfe."

Isuhu ya dawo ya durƙusa gabanta. Ya ce, "Inna, ki ba mu kasuwa biyu." Ta ce ta ba mu, ran Lahadi ta biyu in an tashi kasuwa mai ƙarfe zai zo da amalankensa. Ta shimfiɗa tabarma bisa tur ɗin, ta ɗora kwandon audugarta a kai. Gaskiyarta ce. Sai dai in injin ya fita, sana'ata ta fita, ba ni da wurin kai shi, ba ni da wata.

Akwai wani taubashin Isuhu, Sahabi, mai gyaran famfon hasken rana a garake. Isuhu ke kai shi aiki bisa babur. Shi ya zo ya ɗaga tabarmar Inna da yatsa biyu kamar mai leƙen mara lafiya.

"Kai Isuhu, da wanga kake barin matarka? Injin wankin kamfai ka ɗaura wa gungume? Ai gara kai ka zauna kana juya mata da hannu, ka ga ka yi amfani."

Isuhu ya ce, "Kai dai gyara, bawan gidanmu, ba surutu anka kira ka ba."

Sahabi ya juyo gare ni. "Matarmu, mi kike so ya yi?"

Na ce abu biyu. Ya tashi sannu in na so, kuma in kuran ya dawo kar ya tashi sai na ce. Ya ce akwai wani akwati da suke sa wa famfo, bariyater sunansa, aikinsa ke nan. Kuran na gida na shiga cikinsa ta waya biyu, ya fito ta waya uku, akwatin ne ke faɗa wa moter yawan gudun da zai yi. Amma tsohon moter ba ya jin maganar akwati, sai an sake wani mai waya uku. Lahadi ta farko tunkiyata ta tafi kasuwa ba ta dawo ba. Sahabi ya samo moter na hannu daga wani mai garka, akwatin kuwa sabo.

Na ɗauka ɗaurawa kawai za a yi. Ina! Sandar sabon moter ta fi ramin fulin kauri, fuli shi ne faifan da bel ke hawa. Sai da na kai shi bayan tasha wajen wani tsoho mai tur na ƙarfe ya faɗaɗa ramin. Da ya ji abin da nake yi ya kira maƙwabtansa su zo su ga abokiyar sana'arsa, ya ƙi sallamata sai da na sha hura. Ramukan ƙusa na gindin moter ma ba su hau na da ba, anka huda sababbi. Da anka ɗaura, bel ya karkace yana cin gefe. Sahabi ya ce ba komai, ni na ce da komai, na miƙa zare daga fuli zuwa fuli ya ga tazarar da idonsa, ya kwance ya matsa.

Ran da munka fara kunnawa Inna ta tafi suna, babu icce a kai. Ya tashi lumui, ba ƙara, Sahabi na ta washe baki. Na ce, "Baya yake yi."

"Wane baya?"

"Icce wajena yake gangarowa, ya sauka bisa kurfi. Wanga sama zai ɗaga shi, ya watso mini kurfi a fuska."

Ya sosa ƙeya, ya kashe, ya musanya waya biyu cikin ukun, ya juyo daidai. Isuhu ya samu abin faɗa har yau.

Sauran dabarun nawa ne. Sahabi ya so ya ɗaure akwatin a jikin gadon, na ce bai san garin icce ba, har cikin kunne yake shiga. Munka rataye shi a bango cikin wani akwatin katako, na rufe gabansa da guntun gidan sauro don ya sha iska, anka jawo butan na murɗawa da jan butan na tsayarwa kusa da hannuna na hagu. Akwatin yana nuna lambobi, amma mai riƙe da kurfi ba ta da idon karatu. Na ɗauko jan farce na ɗiga ɗigo uku gefen butan: na gungume, na akushi, na muciya.

Lahadi ta biyu da hantsi Inna na ƙarƙashin iccenta tana kaɗi, ta ba mu baya. Na ce, "Inna, in kin yarda in taɓa shi sau guda gabanki." Ta dai jawo Nana ta zaunar da ita a cinyarta. Na sauke kwandon. Na ɗaura gungumen bagaruwa mai nauyi, na matse, na sake matsewa, na mayar da butan ƙasa, na kunna. 

Gungumen ya fara juyawa kamar mai jin barci, kana iya ƙirga zagayensa. Gadon bai motsa ba. Inna ta waiwayo.

"Ya lalace ne?"

"A'a Inna, ni na ce ya tafi haka."

Ta miƙa wa Isuhu yarinyar, ta taso da mazarinta a hannu, ta tsaya nesa kaɗan. "Ƙara." Na murɗa. "Rage." Na rage. "Tsaida." Na danna ja, ya tsaya. Ta matso, ta goge allin yatsunta a zani, ta kama butan da yatsa biyu, yadda take kama mazari. Na kunna mata. Ta murɗa kaɗan, ta saurara, ta mayar, ta sake murɗawa. Ta daɗe tana yi.

"In abawa nake, sannu nake murza shi," ta ce, ba ni take kallo ba. "In siririn zare ne sai in ba shi gudu. Da can wanga ba ya da yatsu." Sai ta juya ga ɗanta. "Kai, tafi ka kashe kwanter, ka mayar. Yana cikin juyawa nake so."

Isuhu ya tafi zaure ya kashe wutar gidan duka. Injin ya tsaya. Ya mayar. Fankar ɗakinmu ta tashi, rediyon Inna ya kama magana, tur shiru. Ta ce a sake. Sau uku anka yi, tana tsaye ta harɗe hannu a baya.

Mai ƙarfe ya zo bayan azahar, ya yi sallama ya ce an ce akwai inji. Inna ta nuna mishi tsohon moter a gindin katanga. "Ga mahaukacin nan, ɗauke shi. Wancan ya warke." Mutumin ya ce don wanga ɗan abu anka sa ya jawo amalanke tun daga kasuwa? Ta ce in bai so ya bar shi, za ta sa a turke akuya da shi. Ya ɗauka.

Amma ta kafa sharaɗi, kuma har yau yana nan. Isuhu ya ja guntuwar katanga iya ƙugu ta zagaye wurin aikin, da 'yar ƙofa mai sakata. In inji na juyawa ba mai shiga, ni kuma ba ni magana da kowa, ko ita.

Ban ce daga nan na gama koyo ba. Akushin farko da na yi, na bar moter yana tafiya sannu tun safe, sai na ji wari kamar ana ƙona roba. Ashe fankar da ke sanyaya shi a jikinsa take, in ya yi sannu ita ma ta yi sannu. Sahabi ya ƙara mini ƙaramin fuli, yanzu in aikin mai kauri ne sai in mayar da bel can, moter na gudu, icce na tafiya sannu. Kuma butan bai san icce ba. Bai san wanga aduwa tana da rami a ciki ba, bai san wancan reshen an taɓa buga mishi ƙusa ba. Kunne ke sani, da tafin ƙafa, don rawar gado a ƙasa kake fara jinta kafin ido ya gani. Ina farawa daga ɗigon farko, in icce ya yi zagaye ya daina haki in ƙara, in na ji ƙasa na motsi in koma. Yanzu ina yin turmin yaji, ina yin akushi da murfinsa, na yi wa Inna mazari shida tana rabawa tsofaffin unguwa. Nana ta shiga lakol, ƙanenta ne ke leƙe ta saman katangar, kuma har gobe sai na duba sakata sau biyu kafin in kunna.

'Yan matan nan, in da gaske kuke, ku dawo ran Asabar, dutsen washi na nan. Sauran jama'a kuma masu kawo aiki, ga roƙona. In kun zo kun ji inji na juyawa, kun yi sallama ban amsa ba, ba wulaƙanci ba ne. Ku tsaya bakin zaure, ku riƙe hannun yaran da kunka zo da su, kar ku ɗaga murya don in waiwayo. Ku ba ni lokaci in janye kurfi, in danna ja, in sa hijabina. Zan fito mu gaisa yadda ya kamata.